Firijin Kamfani

Ran Laraba suka kawo shi a bayan a-kori-kura,
ɗaure da igiya kamar ragon suna.
Ƙarti huɗu suka dire shi a shagona na Gyallesu,
ja wur, gilashinsa ya fi madubin wanzami.
Ishaya, wakilin kamfani, ya miƙo biro:
"Sa hannu, Malam Tanimu, kyauta ne.
Sharaɗi ɗaya, kayanmu kaɗai zai ɗauka."
Na sa. Wa ke ƙin sanyi da bazara?

Da can da lemo kawai na san su,
kwalbar da muke ɓalle wa murfi da haƙori,
mu tara murafen mu yi wa motar langa-langa taya.
Yau ruwan roba nasu ne,
biskit nasu, gugguru mai leda mai ƙyalli nasu,
soyayyen dankalin nan da rabinsa iska ce,
har abin da direbobin Kwangila ke kurɓa
don kada barci ya sace su a hanyar Funtuwa.
Kazar da ta fara da tsintar tsaba a tsakar gida
ta shige rumbu, tana leƙen na maƙwabta.

In ciniki ya lafa bayan Isha'i
nakan juya leda in duba bayanta.
Ga Larabci, ga Faransanci,
ga wani rubutu kamar sawun kiyashi.
Ishaya ya ce suna Masar, suna Indiya,
bara ma sun saye wani kamfani a ƙetare
kamar mai sayen akuya a kasuwar Giwa.
Ni da ban taɓa wuce Suleja ba,
ga duniya ta zo ta yi sahu a kantata.

Masarar ƙanena Barau ta Soba
tun a gona suka yanka mata kuɗi.
Ta hau tirela, ta yi Kudu, ta sha gishiri,
ta dawo da sunan da ba ya iya faɗa.
Kuɗin tiya guda ya ba ni
ya sai wa 'yarsa leda biyu.

Sai ga Gwaggo Tasalla da bokitinta.
Shekara talatin tana dafa zoɓo,
citta, kanumfari, ɓawon abarba,
da shi ta ɗinka min wandon makaranta.
"Tanimu, sa min a injin nan naka."
Na ɗauko takarda na nuna mata.
Ta dube ta a juye, ta dube ni:
"Takardar ce za ta sha?"

Na durƙusa na jera su a can ƙasa,
bayan lemon, inda ido ba ya kaiwa.
Robobin ma na kamfanin ne,
ta tsinto, ta wanke, ta kankare sunan.

Litinin Ishaya ya zo duba kaya.
Ya buɗe, ya ƙirga, ya sunkuya.
Na ji yawuna ya ƙafe.
Ya miƙe ya ɗaga waya sama,
ya ɗauki hoton bene uku, ya bar na huɗu,
sannan ya ajiye ɗari biyu a kan tebur:
"Ba ni wancan, mai ƙanƙarar."
Yana sha yana share gumi ya ce
ya ji ana gwada zoɓon gwangwani a Legas,
wataƙila baɗi ya iso.

Da na gaya wa Gwaggo, dariya ta yi
har ta dafa ƙyaure.
"To, su zo su tambaye ni kanumfari nawa."
Amma da za ta tafi ta mance bokitinta,
abin da ba ta taɓa yi ba.

Daren nan aka ɗauke wuta.
Na zauna a duhu ina jin firijin yana huce,
na gida da na ƙetare
suna zufa tare.